Injin da Na Gyara

Ni na gyara shi ranar Laraba.
Tanimu ya kawo shi a kafaɗa
daga bayan layin dogo, nan Agege,
ya ce, "Duba min, tari yake kamar tsohon ɗan dako."
Na kankare fulogi, na busa kafireto,
ja ɗaya ya tashi.
Dubu biyu na ce.
Ya ba ni dubu da ɗari biyar da ɓarin goro.

Daren Alhamis sama ta ɓalle.
Ruwan Ikko ba ya sallama.
Nepa ta ɗauke tun la'asar,
kwata ta cika ta hau dakali.
A bar janareta a waje ruwa ya ci?
Ko ɓarawon da ya ɗauke na Baba Lasisi
ya dawo neman ƙari?
Sai ya jawo shi falo, bayan labule,
Ladidi ta rufe taga saboda sauro.
Fanka na juyawa.
Yaron ya ce kansa na sarawa,
aka ce kwanta, zafin rana ne.

Da asuba inji ya shanye mansa, ya yi shiru.
Ɗakin ma haka.
Hantsi ya ɗaga, takalma huɗu na nan a bakin ƙofa,
ƙafa ba ta shiga ko ɗaya ba.
Da taɓarya aka ɓalle ƙyaure.

Biyu aka kai asibiti.
Biyu aka yi wa wanka.

Wasu suka ce miyar jiya ce.
Wasu suka ce sammu, wasu suka ce mutanen ɓoye.
Nas ɗin da ta riƙe hannun Ladidi ta ce a'a,
iska ce,
wadda inji ke fitarwa, da gawayi, da risho,
ba launi, ba wari, ba ta ko sa tari,
jini kuwa hannu biyu yake karɓarta
ya bar numfashi tsaye a waje.

Akwai gargaɗi a jikin tankin.
Na sha goge shi da tsumma.
Turanci ne, ƙanana kamar ƙwan tururuwa.
Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a
ban taɓa tambayar me ya ce ba.

Bayan sadakar bakwai Iya Mulika ta tara 'yan haya,
ɗaki goma sha biyu, ƙofa na kallon ƙofa.
Ta yi da Yarbanci, Audu tela ya juya mana:
inji ba ya kwana inda mutum ke kwana,
ko lungu, ko banɗaki, ko ƙarƙashin bene.
Kurfoti waje.
Taga ɗaya a buɗe ko sauro zai cinye mu.
Wanda ya ƙi, ya nemi wani gida.

Aka yi ta musu.
Wa zai biya mai walda? Wa zai riƙe mabuɗi?
Ina hukuma take, da ba ta zuwa sai karɓar haraji?
Ƙarshe dai aka yi karo-karo,
aka ƙera keji can jikin katanga, aka rufa kwano,
aka sayo 'yar ƙararrawa mai batir
da ke ihu in iskar ta taru.
Ni na kafa ta. Ban karɓi ko sisi ba.

Yanzu in na gama gyara
ba na sakin igiya sai na tambaya:
"Ina zai kwana?"
Jiya wani ya ce ina ruwana, gidana ne?
Ya ajiye kuɗi, ya saɓa abinsa, ya tsallaka titi.

Hadari na haɗuwa ta wajen Ikeja.
Ɓarin goron nan yana cikin akwatin sifana,
ya bushe, ya yi baƙi.